Mece ce rigar baftisma ta gado?

A Ingila da Amurka, iyalan Katolika da Anglikan da ke yi wa jarirai baftisma kan sa wa jariri doguwar farar riga wadda ta wuce ƙafafunsa nesa. Wadda ake ajiyewa don jariran gidan masu zuwa su gada, ita ake kira rigar baftisma ta gado, wasu kuma daga rigar auren uwa ko kaka ake yanko su. Wadda ta fi suna ita ce ta gidan sarautar Ingila, da Sarauniya Victoria ta sa aka ɗinka a 1841. Ba daga rigar aurenta aka yanke ta ba, salonta aka kwaikwaya, kuma jarirai 62 suka sa ta kafin a ajiye ta a 2004.

Idan daga rigar aure za a yanko ta, tela ba ya fara da almakashi. Sai an wanke rigar auren tukun, domin tabon zufa da na lemo kan yi shekaru a ɓoye kafin su fito ruwan ƙasa. Daga nan ya ɗaga yadin a haske, ya ɗan ja shi da yatsu. Tsohon siliki kan tsage da kansa, wanda ya kai haka kuwa leshinsa kawai za a ceta a ɗora kan sabon yadi.

Ɗinkin ake farkewa, zare bayan zare. Jelar rigar da siket ɗinta su ne abin nema, don nan yadi ya fi faɗi. A bar hammata da bakin ƙasa da ya sha ƙura. Jaririn wata uku ƙirjinsa kusan inci 18 ne, sai a ƙara inci 2 don ya sake, tsawon kuma inci 30 zuwa 36 daga kafaɗa. A yanka bisa tsayin zaren yadin, in aka karkace rigar za ta zubo gefe guda. Allurar keken ɗinki siririya, lamba 70, ita ce daidai. Mai kauri huda siliki take yi, ramin kuma ba ya rufewa.

Shafin ciki na auduga mai laushi dole ne, leshi na kartar fatar jariri. Duwatsun ado na ƙirji da hannu a cire su duka, komai kyansu, kada ya tsinko ɗaya ya haɗiye. Buɗin ya kasance a baya da ƙananan maɓallai, wuyan kuma da ɗan sarari, domin a cocin Katolika fada, wato limamin cocin, yakan shafa wa jariri mai a ƙirji.