Ra'ayoyin Masu Karatu kan Ƙagaggun Labaran Ƙarshen Zamani na Kirista

Ƙagaggun labaran ƙarshen zamani wani reshe ne na adabin Kirista da ke ɗaukar annabce-annabcen Littafi Mai Tsarki, musamman na Daniyel da Ezekiyel da Wahayin Yahaya, wanda tsofaffin masu bi suka fi sani da Ru'ya ta Yohanna, ya saƙa su cikin labarin mutanen wannan zamani masu jiragen sama da asusun banki. Yawancinsu da Turanci aka rubuta su a Amurka, amma sun samu masu karatu a Najeriya, kuma a Jos, inda Hausa ce harshen sujada a majami'u da dama, an saba karanta su da Turanci a yi gardamarsu da Hausa. Ra'ayoyin masu karatu sun rabu, kuma abin da ya fi raba su shi ne tambaya guda: shin masu bi za su sha babban tsanani, ko za a ɗauke su kafin ya zo?

Koyarwar da labaran suka hau

Kusan duk fitattun labaran nan a kan koyarwa ɗaya suka tsaya, wadda ake dangantawa da John Nelson Darby, malamin Ingila da Ailan da ya rayu daga 1800 zuwa 1882. Darby ya raba tarihin duniya zuwa zamanai daban-daban, ya kuma raba dawowar Almasihu gida biyu. Da fari za a yi fyaucewa, inda za a ɗauke masu bi farat ɗaya. Sai shekara bakwai na tsanani ƙarƙashin magabcin Almasihu, waɗanda aka ciro lissafinsu daga Daniyel 9:27, sannan yaƙin Armagedon da mulkin shekara dubu. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield, wanda ya fito a 1909, shi ne ya baza wannan fahimta a Amurka, kuma makarantar tauhidi ta Dallas ta zama cibiyarta.

Wannan koyarwa ba baƙuwa ba ce a Filato. Da yawa daga cikin 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission), ƙungiyar da ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, sun taso ne a majami'un Amurka da Kanada inda ake riƙe da ita, kuma Byang Kato, ɗan Kwoi wanda ya yi babban sakataren ECWA, a Dallas ya yi digirinsa na uku kafin rasuwarsa a 1975. Saboda haka lokacin da labaran suka iso, sun tarar da kunnuwan da suka riga suka saba da kalmomi irin su fyaucewa da alamar bisan, wato alamar muguwar dabbar da aka ambata a Wahayin Yahaya.

Fitattun ayyuka

Wanda ya fi shahara shi ne jerin Left Behind, wato waɗanda aka bari a baya, na Tim LaHaye da Jerry B. Jenkins. Littafin farko ya fito a 1995, na goma sha shida a 2007, kuma an sayar da kwafi sama da miliyan 60. Labarin ya buɗe ne cikin jirgin sama, inda fasinjoji suka ɓace aka tarar da tufafinsu a kan kujeru, sannan wani ɗan siyasar Romaniya ya hau shugabancin Majalisar Ɗinkin Duniya ya zama magabcin Almasihu. Kafin shi akwai fim ɗin A Thief in the Night na 1972, wanda aka daɗe ana haskawa a tarukan matasa. Katolika ma suna da nasu, wato littafin Lord of the World na Robert Hugh Benson na 1907, wanda babu fyaucewa a cikinsa, kuma Paparoma Francis ya sha ambatarsa.

A Jos, hanyar littattafan ita ce shagunan littattafan Kirista da masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi wajen Taminus, amma hanyar da ta fi yawa ita ce aro. Kwafi ɗaya kan zaga ɗakin kwanan ɗalibai ko zumuntar matasa har bangonsa ya cire a liƙe shi da salatif, kuma ba kasafai ake samun jerin a jere ba, sai mutum ya karanta na biyar kafin na uku ya zo hannunsa.

Masu yabo

Masu son waɗannan labarai sukan ce sun buɗe musu Wahayin Yahaya, littafin da mutane da yawa ke tsallakewa saboda hatimai da ƙahonni da tasoshin fushi da suka cika shi. Idan aka mai da kowane hatimi wani babi mai mutane da sunaye, sai tsarin ya zauna a kai. Wasu kuma sun ɗauke su kayan aikin bishara, suna miƙa wa ɗan'uwan da ya daina zuwa sujada, da fatan labarin zai faɗa masa abin da bakinsu ya kasa. Amy Johnson Frykholm, wadda ta yi hira da masu karanta jerin a Amurka ta kuma wallafa sakamakon a 2004, ta nuna cewa ana karanta su ne cikin dangi da ikilisiya, hannu zuwa hannu, kuma damuwar masu karatu da yawa ba kansu ba ne, a'a miji ne ko ɗa da suke tsoron za a bari. Wannan damuwa sananniya ce a zumuntar mata, inda roƙon addu'a domin maigida ko yaron da ya bauɗe ba ya yankewa.

Masu suka

Suka ta farko ta adabi ce, kuma takaitacciya ce: mutanen labarin ba su da zurfi, hirarsu wa'azi ce da aka raba wa bakuna, kuma an ja jerin fiye da yadda labarin zai iya ɗauka. Ko masoyan littattafan ba su cika musun wannan ba.

Suka ta biyu ta tauhidi ce. Katolika da Lutheran da majami'un da ke bin tafarkin malamin tauhidi John Calvin galibi ba su koyar da fyaucewa a ɓoye, kuma tun zamanin Agustin, babban malamin ikilisiya wanda ya rasu a 430, akwai fahimtar da ke ɗaukar shekara dubun a matsayin misali na zamanin ikilisiya. Masu karatu daga waɗannan majami'u sukan kafa hujja da ayoyin da labaran suka dogara da su. A 1 Tasalonikawa 4:16-17 an ambaci kira mai ƙarfi da muryar babban mala'ika da busar ƙaho, abin da bai yi kama da sirri ba, kuma kalmar Helenanci da aka fassara da taryen Ubangiji a sararin sama ita ce ake amfani da ita idan mutanen gari sun fita tarbar babban baƙo. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya san cewa idan aka fita bayan gari tarbar sarki, ba a wucewa da shi wata ƙasa, rako shi ake yi zuwa fada. Haka kuma Matiyu 24:40-41, inda mutum biyu ke gona, mata biyu ke niƙa, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya: ayoyin da suka gabata suna maganar ruwan Tufana da ya kwashe mutane, don haka wasu masana suka ce wanda aka ɗauka shi ne aka hukunta. Masu goyon bayan fyaucewa kuwa suna mayar da martani da 1 Tasalonikawa 5:9 da Wahayin Yahaya 3:10, waɗanda suke ɗauka alkawari ne cewa ba za a bar ikilisiya cikin fushin Allah ba.

Katolika suna da ƙarin ƙorafi, domin a cikin jerin wani babban limaminsu ne ya zama shugaban addinin ƙarya na duniya, kuma bishop-bishop na jihar Illinois sun fitar da gargaɗi a kan littattafan a 2003. Akwai kuma iyaye da malaman makarantar Lahadi da ke kokawa da tsoron da labaran ke dasa wa yara. Labarin da ake yawan ji iri ɗaya ne: yaro ya farka daga barcin rana ya tarar gida tsit, tukunya tana kan murhu, zanen uwarsa yana kan igiya, sai ya fashe da kuka yana zaton an bar shi, alhali kuwa ta leƙa maƙwabta ne aron turmi.

Batun tsanani a idon mutumin Filato

A nan ne karatun Jos ya sha bamban da na inda aka rubuta littattafan. A Amurka cinikin jerin ya ƙaru bayan harin 11 ga Satumba 2001, har littafi na tara ya zama ƙagaggen labarin da aka fi saya a ƙasar a wannan shekara. Kwana huɗu kafin harin, wato 7 ga Satumba, rikici ya ɓarke a Jos, ya kuma sake dawowa a Nuwamba 2008 da Janairu 2010, Kirista da Musulmi duk suka yi asarar rayuka da gidaje. A 2014 kuma, bayan Boko Haram ta mamaye Kwarhi, inda hedikwatar Ekklesiyar Yan'uwa a Najeriya take, ikilisiyar ta mai da hedikwatarta Jos na wani lokaci.

Mai karatun da ya ga waɗannan abubuwa yana iya fita da ɗaya daga cikin ra'ayi biyu. Wani yakan ce littafin ya faɗi gaskiya, ga alamun nan a ƙofar gida, abin da ya rage kawai busar ƙaho, kuma wannan bege ne ke riƙe shi. Wani kuwa yakan tambaya: idan alkawarin shi ne a ɗauke masu bi kafin wahala, to me za a ce da matar da ta kwana a daji da goyo, ko faston da aka ƙone majami'arsa? A ganin masu wannan ra'ayi, labarin da ke ajiye tsanani a nan gaba na wanda bai ɗanɗana ba ne, kuma Wahayin Yahaya kansa an rubuta shi ne daga tsibirin Fatmos zuwa ga ikilisiyoyi bakwai da ke cikin matsi, ana kiran su ga jimiri. Malaman da ke riƙe da koyarwar Darby suna amsawa cewa akwai bambanci tsakanin tsanantawar mutane, wadda ikilisiya ke sha a kowane zamani, da fushin Allah na shekara bakwai, kuma daga na biyun ne kawai aka yi alkawarin kuɓuta. Amsar tana da tsari a aji, sai dai labaran da kansu ba su cika fito da wannan bambanci ba, shi ya sa ƙorafin bai mutu ba.

Alamar bisan da rayuwar yau

Wahayin Yahaya 13:16-18 ya ce ba mai iya saye ko sayarwa sai mai alamar, kuma lambar ita ce 666. Labaran sun mai da wannan na'urar da ake dasawa a jiki, kuma daga nan hoton ya shiga zancen yau da kullum. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014, da lokacin haɗa NIN da layin waya, da rigakafin korona, da ƙarancin takardun naira a farkon 2023, duk an yi ta yaɗa saƙonni a WhatsApp cewa alamar ce ta iso. Shugabannin ikilisiya da dama sun yi ta kwantar da hankali, suna tunatar da cewa alamar a nassi tana tafe da yi wa bisan sujada, kuma Matiyu 24:36 ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar. Masu karatun da suka manyanta sukan tuna cewa an taɓa sa ranar fyaucewa a 1988, Harold Camping, wani mai wa'azin rediyo a Amurka, kuma ya sa 21 ga Mayu 2011, kuma duk sun wuce.

Kusanci da fahimtar Musulmi

A unguwannin da Kirista da Musulmi ke cuɗanya, zancen yakan tsallaka katanga, domin Musulmi ma suna da alamomin tashin ƙiyama, da Dujal, da Yajuju da Majuju, da saukowar Annabi Isa, wanda hadisi ya ce zai sauka a gabashin Dimashƙa ya kashe Dujal a ƙofar Ludd. Har wasu Kirista masu jin Hausa sukan kira magabcin Almasihu da Dujal a magana. Inda aka rabu shi ne fyaucewa, wadda babu irinta a Musulunci, da kuma matsayin ƙasar Isra'ila, wadda koyarwar Darby da labaran da suka biyo ta suke ɗaukar kafuwarta a 1948 a matsayin cikar annabci.