Karatu ta waya a jami'a da foli: amsoshin tambayoyin da ake ta turo min

Ina koyarwa a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan na Kaduna, kuma tun lokacin korona duk wanda ya ji an ce "onlayin" sai ya nufo ni, ɗalibai ne, iyaye ne, har abokan aikina masu cewa su alli da allo suka sani. Toh na gaji da maimaita magana ɗaya, bara in haɗa tambayoyin a nan in amsa gwargwadon abin da na gani da idona.

Malam, wai in an ce koyarwa da fasahar zamani Zoom ake nufi?

A'a, abubuwa ne daban daban mutane suka cusa a buhu ɗaya. Akwai fotal ɗin makaranta inda kake rijistar kos, ka biya kuɗi, ka duba sakamako, wannan aikin ofis ne ba karatu ba. Akwai dandalin karatu irin su Moodle da Google Classroom, inda malami zai ɗora darasi mako mako, ya ba da asaimen, ka tura masa a nan, ya maka ya dawo maka da shi, kuma komai na ajiye da rana da lokaci. Moodle ɗin ma kyauta ne, wani ɗan Ostireliya Martin Dougiamas ya fitar da shi a 2002, makaranta kawai za ta nemi inda za ta ɗora shi da mai kula da shi. Sannan akwai lakca kai tsaye ta Zoom ko Google Meet, wadda ita ce ta fi suna kuma ita ce ta fi ba mu wahala.

Ba korona ce ta kawo duk wannan ba?

Ta dai tona mana asiri. Karatu daga nesa ya daɗe a Kaduna, NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke kan hanyar Zariya, tun 1976 aka kafa ta, kuma da littattafai da cibiyoyin ƙarshen mako ta horar da malaman firamare ba tare da sun bar aikinsu ba, lokacin ko labarin intanet babu a nan. NOUN kuma, jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, an kafa ta 1983 zamanin Shagari, sojoji suka dakatar da ita 1984, sai 2002 Obasanjo ya farfaɗo da ita. ABU ma tana da cibiyarta ta karatu daga nesa. JAMB ta fara jarabawa a kwamfuta 2013, zuwa 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kenan duk wanda ya shigo ta JAMB yanzu ya taɓa zama gaban kwamfuta ko da sau ɗaya ne.

Abin da ya faru a Maris 2020 shi ne an rufe makarantu, a watan kuma ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba, sai ya zama jami'o'in gwamnati da yawa ko gwajin kirki ba su yi ba, masu zaman kansu suka ci gaba da karatunsu.

Gaskiya Malam data na kashe mu, ga rashin wuta, ya za a yi talaka ya yi karatu a haka?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, kuma ni kaina na yi kuskure a kanta. Farkon da na fara, ƙarfe goma na safe nake saka lakca a Zoom in ce kowa ya kunna kamara don in tabbatar yana nan. Wallahi rabin lokacin a "Malam ba ma jin ka" yake tafiya, wanda ke Rigasa netwok ya ɗauke, wadda ke Sabon Tasha wayarta ta mutu don kwana biyu ba su ga wuta ba, wani yana cikin Keke Napep a Kawo ana ta hon a kunnen kowa, kafin a nutsu minti 40 ɗin da Zoom na kyauta ke bayarwa ya cika ya watse mu, a sake tura linki, rabin aji ba su dawo ba. Ga shi awa ɗaya da bidiyo a buɗe tana iya lashe kusan giga guda, ka lissafa ɗalibi mai kos takwas ko tara a semesta. Sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, su ma makarantun tun Afrilun 2024 da aka kai wutar Band A, rukunin da aka ce ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit suke kuka da kuɗin wuta.

Daga baya na gane ba dole ba ne mu haɗu a lokaci ɗaya. Yanzu abin da nake yi, in naɗi bayani da murya na minti goma sha biyar zuwa ashirin, wanda 'yan megabait ne kawai, in haɗa da PDF mai shafi uku ko huɗu, in ɗora. Ɗalibi ya sauke lokacin da ya samu netwok, ko da tsakar dare ne da datar dare mai araha, ya saurara sau biyar in ya ga dama ba tare da ya ƙara kashe ko sisi ba. In muka haɗu a aji sai a yi tambayoyi da aikin lissafi, ba in tsaya ina karanta musu abin da za su iya karantawa a ɗaki ba. Wata ɗalibata mai goyo ta ce min tana saka iyafis ta saurara tana girki, ni kam wannan ya fi min duk wani taron bita da aka kai mu otal aka yi mana.

Toh ai muna da guruf ɗin WhatsApp na aji, bai isa ba?

Don sanarwa ya isa, "an ɗaga lakca", "an canza hol", shikenan. Amma ka tura darasi da safe, kafin azahar ya nutse ƙarƙashin barka da Juma'a da tallan atamfa da rigimar kuɗin fotokofi. Kuma ranar da aka yi gardama kai ka ce ka tura asaimen malami ya ce bai gani ba, babu shaida mai ƙarfi, in wayar kilas raf ta ɓata kuwa an yi asarar semesta guda. A dandalin karatu komai na nan da sunanka da lokacin da ka tura. Ni guruf ɗin aji na kulle shi, admin kaɗai ke magana, hira su buɗe nasu.

ChatGPT fa, haramun ne a yi asaimen da shi?

Hhh ni ba mai fatawa ba ne. Tun da ya fito a Nuwamba 2022 na san an gama da irin asaimen ɗin nan na "rubuta shafi biyar a kan kaza", kuma laifin har da namu malamai da muke maimaita tambaya ɗaya shekara goma. Ka tambaye shi ya sake maka bayanin abin da ba ka gane ba, ya ba ka misali, ya yi maka tambayoyi ka gwada kanka kafin tes, wannan babu aibu, ni ma ina yi. Matsalar ita ce yana iya ƙirƙiro ƙarya ya faɗe ta da cikakkiyar gadara. Na taɓa karɓar babi na biyu na furojet ɗin wani yaro, Turanci kamar ruwa, na ɗauki littattafai uku daga cikin waɗanda ya ce ya karanta na neme su, babu su a duniya, sunan marubuci da shekara da komai an jera tsaf. Da na ce ya faɗa min da bakinsa me sakin layi na farko ke nufi, ko da Hausa ne, sai ya hau sosa ƙeya.

Masu cewa manhajar Turnitin za ta kama, asalin aikinta gwada rubutunka ne da abin da aka riga aka rubuta ta nuna inda suka yi kama, gano rubutun na'ura kuma yana iya kuskure har a zargi wanda bai ji ba bai gani ba, shi ya sa ba na yanke wa ɗalibi hukunci da ita kaɗai. Minti biyar na tambaya baki da baki ya fi min. Na kuma koma ba da aikin da sai ka taka ƙafa, je ka Kasuwar Bacci ko Panteka ka yi hira da mutum biyar ka kawo min abin da suka ce da hoton wurin.

Za a iya injiniyanci ko aikin jinya ta waya?

Ɓangaren karatun littafi eh, bidiyon malaman Indiya na YouTube ya ceci 'yan injiniya da yawa daga keri oba, su ma sun sani. Amma walda da allura da aikin lab sai hannu ya taɓa.

Na ga tallan digiri ta intanet cikin wata shida, in biya?

Kar ka biya. In jami'a ce duba sunanta a jerin NUC, hukumar kula da jami'o'i, kuma ka tabbatar an amince mata ta yi kos ɗin daga nesa, in foli ce hukumar ilimin fasaha ta NBTE ke da alhaki, hedikwatarta ma a nan Kaduna take kan titin Bida, kana iya takawa ka tambaya.

Wani dattijo ya ce: yarinyata ta samu KASU, jami'ar jihar Kaduna, laftof zan saya mata ko babbar waya? Kuɗin ɗaya gare ni.

Baba, Allah ya sanya albarka. In ba kwamfuta ko zanen gini ko injiniyanci za ta karanta ba, a shekarar farko waya mai batir mai ƙarfi da wadataccen wurin ajiya za ta yi mata kusan komai, a haɗa mata da fawa bank don shi ne zai cece ta ranar da ba wuta. Laftof a bari zuwa aji uku lokacin da furojet ya matso, don buga shafi sittin a waya azaba ce, kuma na hannu mai lafiya ma ya wadatar in an je da wanda ya san kan abin ya duba batir da kibod kafin a biya. Abu ɗaya da zan roƙa, kafin jarabawar farko ta samu kafe ko ɗakin kwamfutar makaranta ta zauna ta saba da linzami da kibod, don yawancin manyan kwasa-kwasan GST, waɗanda kowane ɗalibi ke ɗauka, a kwamfuta ake rubuta su yanzu, kuma na sha ganin yara masu ƙoƙari sun ƙone minti goma suna neman inda za su danna.