Kifi ba ya saukowa tare da ruwan sama

Tun zamanin kakanni ake cewa kifin da ake gani a kududdufai da farkon damina, a karkarar Marwa da Kusiri da ke arewacin Kamaru, daga sama yake faɗowa. Ba abin mamaki ba ne a yi wannan zato, domin wurin ya shafe watanni a bushe ƙayau.

Abin da bincike ya tabbatar shi ne, gaiwa tana da huhu, kuma idan ruwa ya ƙafe takan nutse cikin laka ta lulluɓe jikinta da majina, ta bar ƙaramar kafa ta shan iska, har ruwa ya dawo. Tarwaɗa kuwa tana iya jan ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa da dare. Wasu kifayen kuma suna biyo ambaliyar kogin Logon ne domin su yi ƙwai a fadama.

Mai son tabbatarwa ya ajiye buɗaɗɗen daro a tsakar gida duk damina, ko ya tambayi masunta da ke haƙo gaiwa da rani. A taimaka a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.