Lissafin kwararar tsaba a rumbunan masana'antu

Lissafin kwararar tsaba a dunƙule hanya ce da injiniyoyi ke bi don gano yadda hatsi, siminti, takin zamani, kwal ko yashi ke motsi a cikin manyan rumbunan masana'antu da mazuraran da ke ƙarƙashinsu. Maimakon a bi kowace ƙwaya ita kaɗai, sai a ɗauki tarin duka a matsayin jiki guda, a lissafa matsinsa da gudunsa da cunkosonsa a kowane gurbi, kamar yadda ake yi wa ruwa. Rumbu ɗaya kan ɗauki biliyoyin ƙwayoyi, hanyar bin ƙwaya-ƙwaya da masu bincike Cundall da Strack suka gabatar a 1979 kuwa tana cin lokacin kwamfuta fiye da kima idan rumbun ya girma.

Sai dai tsaba tana da nata hali. Takan tsaya cik har sai ƙarfin da ke tura ta ya rinjayi gogayyar da ke tsakanin ƙwayoyinta, ƙa'idar da masanin Faransa Coulomb ya shimfiɗa tun 1773. A 1885 Osborne Reynolds ya nuna cewa cunkusasshen yashi sai ya ɗan kumbura kafin ya gusa, domin dole ƙwayoyin su hau kan juna. A 1895 kuma injiniyan Jamus H. A. Janssen ya gano cewa matsin da ke gindin rumbu ba ya ci gaba da ƙaruwa komai tsawon tarin. Bango ne ke ɗauke yawancin nauyin ta hanyar gogayya, shi ya sa ake gina shi yadda zai jure dannawa daga sama ban da turowa daga ciki.

Aikin Andrew Jenike na Jami'ar Utah a Amurka, musamman rahotonsa na 1964, shi ne ginshiƙin zanen mazurari har yau. Ya raba kwarara gida biyu. Idan mazurarin yana da tsini sosai kuma bangonsa na da santsi, tarin duka yakan sauka tare, abin da ya fara shiga shi ke fara fita. Idan kuwa yana da faɗi ko kaushi, tsakiya ce kaɗai ke zuba, gefe ya kwanta, wani lokaci ya daskare ya bar dogon rami. Akwai kuma lokacin da kayan ke haɗa baka a saman ƙofar fita su toshe ta. Mazurarin ƙarfe da ya lotse saboda dukan gudumar ma'aikata masu ƙoƙarin buɗe toshewar shaida ce cewa an yi kuskure tun wajen zane.

Game da saurin zuba, Beverloo da abokan aikinsa a Holan sun fitar da ƙa'ida a 1961: yawan abin da ke fita bai dogara da tsawon tarin ba, faɗin ƙofa ne ke hukunci, a ɗaga shi zuwa ƙarfin 2.5 na lissafi, bayan an rage wani abu kaɗan gwargwadon girman ƙwayar. Wato idan aka ninka faɗin ƙofa sau 2, zubar za ta ninka fiye da sau 5. Agogon yashi da wannan halin yake aiki.

Babban ci gaba ya zo daga Faransa. Ƙungiyar masu bincike ta GDR MiDi a 2004, sannan Jop da Forterre da Pouliquen a 2006, sun nuna cewa gogayyar tsaba mai cunkoso tana bin lamba ɗaya da ake kira I. Lambar tana kwatanta lokaci biyu: wanda ƙwaya ke ɗauka kafin matsi ya cusa ta cikin gurbin da ke kusa, da wanda shimfiɗa ɗaya ke ɗauka kafin ta wuce ta ƙasanta. Idan I ta ƙaru, gogayya ta ƙaru, cunkoso ya ragu. A ƙwallayen gilashi, kusurwar gogayyar, wato kusurwar da ake auna ƙarfin gogayya da ita, kan tashi daga kusan digiri 21 zuwa 33. A 2012 Staron da Lagrée da Popinet sun sa wannan ƙa'ida cikin manhajar lissafin ruwa, sai ga ƙa'idar Beverloo ta fito da kanta. Wannan sakamako ne mai ƙarfi, domin babu ƙwaya ko ɗaya a cikin lissafin.

Duk da haka girman ƙwaya bai yarda a manta da shi ba. Inda kwarara ta yi sanyi, motsin wani wuri kan girgiza maƙwabtansa su ma su riƙa gusawa a hankali, abin da Kamrin da Koval suka ƙara cikin lissafi a 2012. A 2015 Barker da abokansa sun nuna cewa ƙa'idar I takan ba da amsa marar tabbas idan gudun ya yi ƙasa sosai ko ya yi yawa. Toshewar ƙofa, wadda kan faru idan faɗinta bai kai kamar faɗin ƙwaya 5 ba, al'amari ne na 'yan ƙwayoyin da suka cije, lissafin dunƙule ba ya hango shi kai tsaye. Gari mai ɗanko da kaya masu laima sun fi wuya. Saboda haka har yanzu akan auna samfurin kayan a na'urar gwajin gogayya kafin a zana mazurari, a Turai kuma ƙa'idar EN 1991-4 ce ke fayyace nauyin da bangon rumbu zai ɗauka.