Kafin ku kwashi yara ku koma gidan da aka gama gyarawa

Shekaranjiya wata baiwar Allah ta kawo mana yaronta ɗan shekara 2 asibiti, tari ya hana shi barci kwana uku, ido ja jawur hanci sai zuba yake. Da na ɗan ja ta da hira sai tace ai satin nan suka koma gidansu bayan wata 4 suna raɓe a gidan surukai ana musu gyara, an sa tayil an sake silin gida ya sha fenti, mai fenti ya gama ranar Laraba su kuma Alhamis suka kwana a ciki, tagogi a kulle saboda sauro. Wallahi ban ga laifinta ba, duk wadda ta yi wata 4 a gidan surukai ta san ɗokin komawa ɗakinta. Amma yaron ne ya ji a jikinsa.

Warin fentin mai da tina ɗin da ake sirka shi da ita ba wari bane kawai, yana sa ciwon kai da jiri, yana tada asma. A bar ƙofofi da tagogi a buɗe aƙalla kwana 3, in har yanzu yana bugun hanci a ƙara. Mai ciki da jariri da mai asma su ne na ƙarshen shiga.

Ni dai abinda ya fi damuna ƙura ce, musamman in an kankare tsohon fentin mai na ƙofofi da ƙarafunan taga, don wasu fentin akwai dalma a ciki, ja da ruwan ɗorawa sun fi. Kun tuna Zamfara a 2010? Yara sama da 400 gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can ƙurar dutsen zinare ce da ake dakawa a cikin gida ba fenti ba, amma hanyar ɗaya ce, yaro ya yi rarrafe a ƙasa, hannu ya kwashi ƙura, hannu ya tafi baki. Kuma 'yar kaɗan ɗin da ba ta kwantar da yaro ita ma tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, Hukumar Lafiya ta Duniya tace babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba komai.

To don Allah Maman yara a ajiye tsintsiya tukuna, shara a bushe tada ƙurar kawai take ta sake sauka kan katifa da kwanuka. A jiƙa tsumma a goge, a zubar da ruwan a ɗebo sabo a sake, har kan taga da bayan ƙofa da fikafikan fanka. In an cire tsohon silin na asbestos, wato irin silin ɗin nan da ƙurarsa ke cutar da huhu, kar a farfasa shi kar kuma a bar yara suna wasa da gutsattsarinsa, a yayyafa ruwa a kwashe.

Maigida kai kuma zagaya tsakar gida. Durom ɗin da birkiloli suka bari da ruwa, cikin kwana 10 ya fara ƙyanƙyasar sauro, ga shi yaro kan iya leƙawa ya faɗa da ka, a kife shi. Sokawe a rufe. Ƙusoshi a tsince, in ta soki wani a wanke wurin da sabulu a zo asibiti a ranar a yi allurar tetanus, ba a ɗiga baƙin mai a ɗaure da tsumma ba.