Wuraren Kimiyya da Tarihin Halittu a Birnin Yamai

Yamai, babban birnin ƙasar Nijar tun shekarar 1926, yana zaune ne a gaɓar kogin Isa, wanda mutanen Najeriya suka fi sani da Kwara ko Neja. Wuraren da mai sha'awar ilimin halittu zai ziyarta a birnin da kewayensa ba su da yawa, amma abin da ke cikinsu yana da wuyar samu a wani wuri. Kusan dukkansu labari ɗaya suke bayarwa, wato labarin ƙasar da ta taɓa samun ruwa mai yawa, sannan ruwan ya yi ta ja da baya har ya bar hamada.

Gidan Tarihi na Boubou Hama

Wannan shi ne wuri mafi muhimmanci. An kafa shi a shekarar 1959, kafin samun 'yancin kai, kuma yana ɗauke da sunan Boubou Hama (1906–1982), malami kuma marubucin tarihi wanda ya shugabanci majalisar dokokin ƙasar har zuwa 1974. Shugaban gidan na farko shi ne Pablo Toucet. Filin gidan ya kai kimanin hekta 24 a tsakiyar gari, kusa da gadar Kennedy, kuma an tsara shi ne a matsayin lambu mai ɗakunan baje koli a warwatse, ta yadda mai ziyara zai fita daga wannan ɗaki ya ratsa inuwar itatuwa kafin ya shiga wancan. A cikinsa akwai sashen namun daji inda ake ajiye zakuna da kuraye da dorina da kadoji da birai, akwai samfuran gidajen gargajiya na al'ummomin ƙasar, akwai kuma rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa da ke aikinsu a gaban jama'a. Ɗaki guda an keɓe shi ga ma'adinin yuraniyam, wanda aka fara haƙowa a Arlit a 1971.

Abin da ya fi jan hankalin masana a gidan shi ne ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare daga doron ƙasa, waɗanda ake kira dinaso. Yawancin irin waɗannan ƙasusuwa na Nijar daga Gadufawa aka samo su, wani fili a hamadar Tenere kudu maso gabashin Agadas, wanda ake fassara sunansa daga harshen Abzinawa da "inda raƙuma ke tsoron zuwa". Masu neman yuraniyam ne suka ci karo da ƙasusuwa birjik a kan rairayi, daga nan wani masani Bafaranshe mai suna Philippe Taquet ya fara aiki a wurin a tsakiyar shekarun 1960. Shi ya gano dabbar da ya raɗa wa suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976, mai cin ganye, mai tsawon kimanin mita 7, wadda ƙasusuwan gadon bayanta suka miƙe sama tamkar shinge. An kai ƙwarangwal ɗin Faris don nazari, aka dawo da shi Yamai, kuma wannan dawowa abin a yaba ce, domin da yawan abubuwan tarihin Afirka da aka fitar ba su sake ganin gida ba.

A Gadufawa ɗin dai aka samu ƙasusuwan Sarcosuchus, wani dangin kada wanda tsawonsa ya kai mita 9 ko fiye, kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Daga shekarun 1990 Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya jagoranci wasu tafiye-tafiye da suka fito da Suchomimus mai cin kifi a 1998, da Jobaria da Nigersaurus a 1999. Nigersaurus abin mamaki ne: bakinsa faffaɗa ne a miƙe kamar bakin shebur, yana da haƙora sama da 500 jere a bayan juna, wasu na faɗuwa wasu na maye gurbinsu, kuma da su yake kiwon tsirrai a ƙasa kamar saniya. Masana sun ƙiyasta shekarun duwatsun Gadufawa da kimanin miliyan 110. Kada da masu cin kifi ba sa rayuwa sai da ruwa, don haka ƙasusuwan nan shaida ce cewa inda yau babu ko ɗigon ruwa, a da manyan koguna ne ke malala.

A wata rumfa ta daban an ajiye busasshen kututturen bishiyar Tenere. Bishiyar ƙaya ce dangin bagaruwa, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada, kuma ta yi suna a matsayin bishiyar da ta fi kowace kaɗaici a duniya. Ayarin raƙuman da ke zuwa Fashi da Bilma ɗauko kantun gishiri, gishirin da ke ƙarewa a kasuwannin ƙasar Hausa, da ita suke gane hanya, kuma matafiya ba sa saran reshenta don hura wuta. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930, an tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 suna bin ruwa. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi, aka ɗauko ta zuwa Yamai a watan Nuwamba na shekarar, aka kafa wata ta ƙarfe a gurbinta. Wanda bai san labarinta ba zai wuce ta yana zaton icen girki ne, shi ya sa ya kamata a shiga rumfar tare da mai bayani.

Kogin Isa

Kogin da kansa wurin nazari ne. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180 daga tsaunukan Gini zuwa tekun Atlantika, kuma a Yamai yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko takan zo a watannin Agusta da Satumba, da ruwan damina na yankin wanda ke kwaso jar ƙasa, har ruwan ya yi ja. Ta biyu kuwa takan zo ne cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Janairu, lokacin da babu ko hadari a sama, domin ruwan da ya sauka a Gini yakan daɗe yana ratsa fadamun tsakiyar Mali kafin ya iso. A watan Yunin 1985, bayan shekarun fari, kogin ya daina gudu a Yamai. A 2020 kuma ya tumbatsa ya cinye unguwanni. Masu kwalekwale suna ɗaukar baƙi, musamman da la'asar, don ganin tsuntsayen ruwa da tsibirai, a wasu wurare arewa da birnin kuma har da dorina.

A ƙetaren kogin, ɓangaren da Zabarmawa ke kira Harobanda, akwai Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel domin horar da ma'aikata da bibiyar ruwan sama da amfanin gona da koguna a ƙasashen yankin. Wuraren aiki ne, kuma ɗalibai da masu bincike ne suka fi zuwa. A gefen birnin kuma akwai shingen itatuwa, galibi dogon yaro, da aka fara dasawa a 1965 don tare iska da ƙura, sai dai gine-gine sun ci wani ɓangare nasa.

Raƙuman dawa na Kure

Kimanin kilomita 60 kudu maso gabashin Yamai, a kan hanyar Dosso, akwai yankin Kure, inda mafi yawan raƙuman dawan Afirka ta Yamma da suka rage suke. A da irin wannan raƙumin dawa, mai hasken fata fiye da 'yan uwansa na gabashin Afirka, yana yawo daga Senegal har zuwa tafkin Chadi, da arewacin Najeriya a ciki. Farauta da sare daji da fari suka ƙarar da shi, har ƙidayar 1996 ta nuna saura 49 kacal. Da aka tsaurara hana farauta, aka kuma sa mazauna yankin cikin aikin kula da jagorancin baƙi, adadin ya haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai.

Kure ba gandun daji ba ne mai shinge. Dabbobin suna zaune ne cikin mutane, suna ratsa gonakin gero, wani lokaci su ci waken manomi ko mangwaronsa, kuma haƙurin waɗannan manoma yana cikin dalilan da suka sa irin bai ƙare ba. Da damina sukan hau tudu su ci ganyen geza da makamantansa, da rani kuma su gangara kwarin Dallol Bosso, inda gawo ke fitar da ganye a daidai lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe nasu. A 2018 an ɗauki takwas daga cikinsu zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, domin kada annoba ko wani bala'i guda ya shafe su gaba ɗaya. Harin da aka kai a yankin ranar 9 ga Agustan 2020, wanda ya yi sanadin mutuwar mutum takwas, ya durƙusar da ziyarar baƙi, ya kuma taɓa abincin masu jagora.

Matsalar tsaro ta shafi gandun daji na W ma, wanda ke kimanin kilomita 150 kudu da birnin. Ya samu sunansa daga lanƙwasar da kogin ya yi mai siffar wannan harafi, ƙasashen Nijar da Benin da Burkina Faso ne suka raba shi, kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren gadon duniya a 1996. Akwai giwaye da ɓauna da zakuna a cikinsa, amma duk mai niyyar zuwa can ko Kure sai ya fara neman izini da shawarar hukumomi a Yamai.