Waiwaye: Tsohon Ciwo, Sabon Haɗari, Wa Zai Biya Asarar Kuɗin Shiga?

Mutum ne ya shekara goma yana lallaɓa ciwon baya. Yakan sha magani, ya ɗaure ƙugu, ya fita aiki, bai taɓa fashi ba. Ran nan wata mota ta daki tasa ta baya a bakin danja, tun daga ranar ko sunkuyawa ya ɗaura igiyar takalmi ba ya iyawa. Da ya nemi diyyar kuɗin da ya daina samu, kamfanin inshora ya zaro hoton ƙashin bayansa na shekarun baya ya ce ai dama can ciwon na nan. Wannan jayayya ta girmi yawancin dokokin mota, kuma kotunan ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila sun kwashe sama da shekara ɗari suna tufka da warwara a kanta.

Abin mamaki, shari'ar da aka fi kafa hujja da ita tun farko ba ta mota ba ce. A 1889, a wata makaranta da ke jihar Wiskonsin ta Amurka, wani yaro mai suna Putney ya ɗan shuri ƙwaurin ɗan ajinsu Vosburg. Shurin bai taka kara ya karya ba, amma ƙafar na ɗauke da tsohon rauni, sai ta ruruce har ta nakasa. A 1891 kotun ƙolin jihar ta ce wanda ya yi ta'adi shi zai ɗauki duk abin da ta'adinsa ya haifar, ko ya hango shi ko bai hango ba. Bayan shekara goma, a Ingila, alƙali Kennedy ya faɗi makamancin haka a shari'ar Dulieu ta 1901: wanda ya buge mutum bisa sakaci ba zai kare kansa da cewa ƙoƙon kan mutumin siriri ne ko zuciyarsa mai rauni ce ba. Daga nan lauyoyi suka samo laƙabin da suke yi wa ƙa'idar har yau, wato ƙoƙon kai mai kamar ɓawon ƙwai. Yadda ka tarar da mutum, haka za ka biya.

Sai dai wannan ya warware rabin matsalar ne kawai. Diyyar kuɗin shiga lissafi ce ta abin da bai faru ba: da ba a yi haɗarin ba, shekara nawa mutumin zai ci gaba da aiki, nawa zai riƙa samu? A nan ne alƙalai suka fi shan wahala, kuma shari'u biyu na kotun ƙolin Birtaniya ta wancan zamani sun nuna hakan ƙarara. A ta farko, wani mutum mai suna Baker mota ta lalata masa ƙafar hagu a 1964, ya koma ƙaramin aiki. A 1967 'yan fashi suka harbe shi a wannan ƙafar, aka yanke ta. Direban ya ce to alhakinsa ya ƙare ranar da ƙafar ta tafi. Kotu ta ƙi, don in aka yarda da haka, Baker zai tashi a tutar babu tsakanin masu laifi biyu. Amma a 1981 kotun ta juya akala a shari'ar Jobling, wanda ya zame a wurin aiki a 1973 ya ji ciwo a baya, samunsa ya ragu da rabi, sannan a 1976 wata cutar laka da ba ta da alaƙa da faɗuwar ta kwantar da shi gaba ɗaya. Aka ce diyyarsa ta tsaya daga lokacin da cutar ta bayyana, tunda ko bai faɗi ba da ta raba shi da aiki. Masana na ta ƙoƙarin sasanta hukunce-hukuncen nan biyu har yanzu. Ni dai ina ganin tausayi ne ya rinjayi na farko, lissafi ya rinjayi na biyu.

Wadda ta fi kusa da mai ciwon bayanmu ita ce shari'ar Athey a Kanada. Athey shi ma yana da tsohon ciwon baya, ya yi haɗarin mota sau biyu a 1991, yana cikin murmurewa yana motsa jiki sai faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ya gurɗe. Kotun farko ta ce haɗarin kashi 25 cikin ɗari kawai ya jawo, ta ba shi rubu'in diyya. A 1996 kotun ƙolin ƙasar ta soke wannan rabo: muddin da ba don haɗarin ba abin ba zai faru ba, cikakkiyar diyya za a biya. Amma ta bar ƙofa a buɗe. Idan aka tabbatar cewa tsohon ciwon dama yana kan hanyar kayar da mutum ko ba haɗari, za a rage diyya gwargwadon haka, don ba a mayar da mutum matsayin da ya fi wanda yake kafin haɗarin. Wannan suke kira ƙoƙon kai mai rugujewa.

New Zealand kuwa ta kauce wa yawancin ƙarar tun 1974, inda wata hukuma ke biyan wanda ya ji rauni kashi 80 cikin ɗari na samunsa ba tare da neman mai laifi ba. Duk da haka gardamar ta bi ta can, don hukumar na biyan rauni ne, ba ta biyan lalacewar jiki ta tsufa ko cuta.

Shi ya sa a yau faɗan ya koma kan takardu. Likitan kamfanin inshora zai ce haɗarin ya gaggauta abin da zai zo ne da shekara biyu ko uku, a biya na waɗannan shekarun kawai. Lauyan mai ƙara zai ajiye takardun albashi ko littafin ciniki na watannin da suka gabaci haɗarin, da katin asibiti mai nuna rabon mutumin da ganin likita tun bara waccan. Wanda ya ɓoye tsohon ciwonsa yakan gamu da shi a gaban alƙali, an buɗe fayil ana karanta masa kwanan wata.